Sabon maganin sikila: a riƙa faɗa wa mutane abin da ke cikinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Tun daga ƙarshen shekarar 2023 labari ke yawo cewa masana sun samo maganin cutar sikila. Labarin gaskiya ne, amma yadda ake taƙaita shi a layi biyu yana sa iyaye su ɗauka allura ce da za a yi wa yaro ya koma gida da yamma. Ina roƙon ku ba ni fili in yi bayanin yadda aikin yake, domin masu karatunku su san abin da ake magana a kai.

Sunan maganin Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka haɗa shi. Birtaniya ta fara amincewa da shi a watan Nuwamba na 2023, Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tashi musu. An gina shi a kan fasahar CRISPR, wato almakashin yanka ƙwayar halitta da Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana a 2012, har aka ba su kyautar Nobel a 2020.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, maganin ba ya gyara ainihin kuskuren da ke haddasa sikila. Kuskuren harafi ɗaya ne tak a ƙwayar halittar da ke sarrafa himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Wannan harafi ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su ƙage, su toshe ƙananan jijiyoyi, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. To, jariri a cikin ciki yana da wani irin himoglobin dabam wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, shi ya sa alamun cutar ba sa bayyana sai jariri ya kusa wata shida. Wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ce ke rufe wannan himoglobin na jarirai bayan haihuwa. Sai masana suka yanke wurin da ke kunna ta a cikin ƙwayoyin jini, jiki ya koma yin himoglobin ɗinsa na jarirantaka. Dabara ce mai kyau ƙwarai, babu ja.

Wahalar tana wurin hanyar da ake bi. Da farko a dakatar da hydroxyurea, maganin da masu sikila ke sha don rage tashin ciwo, a yi ta yi wa majinyaci ƙarin jini ko musanyar jini na aƙalla mako 8, har himoglobin na sikila ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Sannan a yi masa allurar plerixafor domin ƙwayoyin asali na jini su fito daga ɓargo su shiga jijiya. Akwai wata allurar da aka saba amfani da ita wajen wannan aiki, G-CSF, amma an hana ta ga mai sikila saboda tana iya tayar da ciwon har ya kai ga rasa rai. Daga nan a haɗa shi da na'ura ta tace ƙwayoyin. Sau da yawa tacewa ɗaya ba ta isa, domin ɓargon mai sikila a gajiye yake, kuma ana buƙatar aƙalla ƙwayoyi miliyan 3 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Ana kuma ajiye wasu da ba a taɓa ba, ko da dashen ya ƙi kamawa. Gyaran ƙwayoyin da gwada ingancinsu a masana'anta na iya ɗaukar wata shida.

Mataki mafi tsanani shi ne busulfan, maganin kimotarafi da ake ba shi kwana huɗu a jere don a kashe tsohon ɓargo, kamar yadda ake share gona kafin shuka. Bayan an mayar da gyararrun ƙwayoyin ta jijiya, mutum kan yi kusan mako huɗu fararen ƙwayoyin jininsa na ƙasa sosai, ƙaramar cuta ma tana iya kayar da shi. Baki da maƙogwaro su yi gyambo, cin abinci ya gagara, zazzaɓi ya zo, gashi ya zube, ƙwayoyin tsayar da jini su yi ƙaranci. Zaman asibiti mako huɗu ne zuwa shida. Busulfan kuma yana jawo rashin haihuwa ga maza da mata, don haka ake shawartar a daskarar da maniyyi ko ƙwan mace tun kafin a fara. Yarinya 'yar shekara 13 da iyayenta ne za su yanke wannan shawara, ba ƙaramin abu ba ne.

Sakamakon yana da kyau. A gwajin da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ciwo mai tsanani bai tashi musu ba. Sai dai adadin kaɗan ne, lokacin kuma gajere. Victoria Gray, wadda aka fara yi wa aikin a Amurka, a 2019 aka yi mata. Za a bi diddigin majinyata shekara 15, saboda tsoron kada almakashin ya yi yanka a wurin da ba a nufa ba. Wani maganin sikila da Amurka ta amince da shi rana guda da Casgevy, Lyfgenia, yana ɗauke da gargaɗin sankarar jini a takardarsa. Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, na Lyfgenia miliyan 3.1, ban da kuɗin kwanciya.

Abubuwa biyu nake so ku riƙa nanatawa duk lokacin da kuka kawo wannan labari. Ƙwayoyin ɓargo kaɗai aka gyara, maniyyi da ƙwai suna nan yadda suke, saboda haka wanda aka yi wa aikin zai gadar wa 'ya'yansa ƙwayar sikila, gwajin jini kafin aure kuma yana nan daram. Haka nan ɓarnar da cutar ta riga ta yi, kamar ƙashin ƙugu da ya lalace ko shanyewar ɓarin jiki, ba ta gyaruwa da wannan magani.

A halin yanzu kusan mutum miliyan 8 ne ke ɗauke da cutar a duniya, akasarinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma abin da zai raya yawancinsu tsofaffin hanyoyi ne: gwajin jarirai, penisilin kullum tun daga wata biyu, rigakafi, da hoton jijiyoyin kai daga shekara 2 zuwa 16 don gano yaron da ke dab da shanyewar jiki. Binciken REACH da aka yi a Angola, Kongo, Kenya da Uganda ya nuna hydroxyurea yana rage tashin ciwo, ƙarin jini, zazzaɓin cizon sauro da mace-mace. Kada kuma a manta sabon magani na iya faɗuwa bayan an yi ta yabonsa: a Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye maganinsa na sikila, Oxbryta, daga kasuwannin duniya.

Inda ya kamata 'yan jarida su sa ido shi ne ƙoƙarin yin gyaran a cikin jiki kai tsaye, ba tare da ciro ƙwayoyi ko busulfan ba. A 2025 likitoci a birnin Filadalfiya na Amurka sun yi wa wani jariri mai cutar gado ta hanta irin wannan, ta hanyar ɗura masa magani a jijiya cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo. Hanta tana saurin ɗauke irin waɗannan ƙwayoyin, shi kuwa ɓargo isa gare shi ya fi wuya, kuma nan ne binciken sikila ya tsaya a yau.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Mai karatunku,
Ma'aikacin lafiya a fannin cututtukan jini