Hoton ruwan nan ba aikin AI ba ne

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Jos, da biki da suna nake cin abinci, amma abin da raina ke so shi ne hoton ruwa. Kwanaki aiki ya kai ni Legas, na samu na shiga kwale-kwale zuwa Tarkwa Bay da sassafe na ɗauki teku, da na saka a Facebook wallahi kafin azahar an cika ni da cewa wai AI ne, wato kwamfuta ce ta ƙirƙiro shi, har wani ya ce in ji tsoron Allah in daina yaudarar jama'a. Abin ya min ciwo, don na san irin tsayuwar da na yi a kan duwatsun nan ruwan gishiri na ta fesa min a fuska. Shi ya sa na ce bari in rubuto ko mutanenmu za su gane yadda ake yi.

Ita kyamara ƙiftawa take yi, ƙofarta ta buɗe ta rufe ko sakan ɗaya ba a yi ba, shi ya sa kake ganin igiyar ruwa a daskare. To in ka bar ƙofar a buɗe sakan 8 ko 30, duk abin da ke motsi narkewa yake, teku ta kwanta luf kamar kindirmo a ƙwarya, gajimare ya ja dogon layi, shi kuwa dutse tunda bai motsa ba ya fito tar da shi. Matsalar ita ce da rana haske zai yi yawa hoton ya fito fari fat. A nan filtar ND ke shigowa, wani baƙin gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin kyamara kamar tabarau, yana rage haske amma bai taɓa launi. ND8 na rage shi sau 8, ND64 sau 64, ND1000 kusan sau dubu, wato hoton da za ka ɗauka a 1/125 na sakan in ka sa ND1000 zai koma kimanin sakan 8.

Sai dai aikin na son natsuwa. Dole kyamara ta hau ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, faɗin ƙofar haske f/11 ko kusa da haka, ka saita fokos tun kafin ka ɗaura gilashin don in ya hau ba ka ganin komai sai duhu, ka sa taima ta sakan 2 saboda yatsanka kaɗai ya isa ya girgiza hoto. Mai DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, ya toshe ramin leƙawa da baƙin ƙyalle, haske na satar hanya ta nan. Kuma a guji filta mai araha, na taɓa saye a wani shago duk hotunan suka fito shuɗi-shuɗi da ja, kuɗina suka tafi a banza.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, samarinmu gani suke sai mai teku ke wannan. Mu a Filato muna da Assop nan gangaren Hawan Kibo, ga Kurra, ga dam ɗin Lamingo da tafkunan da haƙar kuza ta bari a Rayfield, 'yan Abuja kuma Gurara ba nisa. Ruwan da ke zubowa daga dutse ma bai buƙatar dogon lokaci, rabin sakan zuwa 2 ya isa, a ganina in ya wuce haka sai ya zama farin dunƙule ba rai. Amma a kula don Allah, da damina duwatsun Assop santsi gare su, tafkunan kuza kuma zurfi ne da su, kar a matsa baki saboda hoto.

Roƙona Edita, a ɗan ware mana gefe guda a jaridar nan ko sau ɗaya a mako don hotunan ruwa da duwatsun ƙasarmu. In kun amince zan fara turo guda biyu na wuri ɗaya a Assop, ɗaya da filta ɗaya babu, masu karatu su gani da idonsu.

Naku,
wani mai hoto daga Jos