Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, kan shirin Mena, ƙungiyar ƙasa, ta 'yan ƙasa da shekara 17

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa da fatan alheri daga masu horar da yara ƙwallo a Tawa.

Tun daga 2025 Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 ya koma na kowace shekara, da ƙasashe 48, kuma Katar ce mai masauki har 2029. Afirka ta samu kujeru 10. Ƙofa ta faɗaɗa, amma ba daga wajenmu ba. Kafin a kai ga gasar Afirka, inda ake raba kujerun, sai an fita daga shiyyar UFOA-B ta Afirka ta Yamma, inda muke da Najeriya, Gana, Kot Dibuwa, Burkina Faso, Benin da Togo. A gasar Afirka ta 2025 da aka yi a Maroko, biyu kacal suka fita cikin mu bakwai, Burkina Faso da Kot Dibuwa.

Mun taɓa ƙetare irin wannan siraɗi. A 2016 Mena ta fitar da Najeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya: ta ci mu 1-0 a Abuja, muka rama 3-1 a Yamai. Daga nan sai wasan kusa da na ƙarshe na gasar Afirka a Gabon, sai kofin duniya a Indiya a 2017, inda muka doke Koriya ta Arewa 1-0, muka kai zagaye na biyu kafin Gana ta tsayar da mu.

Abin da ke hana mu barci shi ne shekaru. A kofin duniya na 2025 sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2008 ya buga, alhali wasannin shiyya tun 2024 aka yi su. Ke nan yaron da ake nema ɗan shekara 15 ne ko 16, kuma kowace shekara sai an kawo sabon zubi. Sannan ga gwajin IRM na tantance shekaru a asibiti, wanda ake ɗaukar hoton wuyan hannu a duba guringuntsin girma a bakin ƙashi. Mataki shida ne, idan ya kai na shida, wato ƙashin ya haɗe, an cire yaro ko me takardarsa ta ce. Gab da wasannin shiyya na Janairun 2023 yara 21 cikin 30 na Kamaru suka faɗi gwajin. A 2023 ɗin aka kori Sudan ta Kudu daga gasar Afirka a Aljeriya saboda yara biyar da suka faɗi gwajin. Mu nan ba kullum ƙarya ba ce. Yaran ƙauye da yawa ba su da takardar haihuwa sai ta alƙali, wadda ake ƙiyasta shekara bayan an girma.

Don haka muna roƙo a yi rajistar yara tun suna shekara 12 ko 13, da hoto da takardar lakkol, lasisi ɗaya ya bi yaro duk kulob ɗin da ya koma. A yi IRM tun kafin a buɗe sansani, a kan yara aƙalla 40, a maimaita shi makonni kaɗan kafin tafiya, domin ƙashi na iya haɗewa a tsakani. Wanda yake mataki na biyar, a tanadi madadinsa, balle mai tsaron gida.

A kuma kafa gasar 'yan ƙasa da shekara 15 a jihohi takwas, a buga ta lokacin hutun makaranta. Yaron Konni ko Madawa ko Abalak ba shi da kuɗin motar zuwa Yamai gwaji. Masu zaɓe su zo su same shi a filinsa.

Allah ya taya riƙo.

Masu horar da yara ƙwallo, Tawa