Ba gadi kaɗai tsohon soja ya iya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ya daɗe yana cina. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a busa bigila, a yi jawabai a kan 'yan mazan jiya. Kashegari kuwa in tsohon soja ya je neman aiki, abin da za a miƙo masa shi ne tocila da kulki. Gadi ba abin kunya ba ne, abokaina da yawa da shi suke ciyar da iyali. Abin da ke min ciwo shi ne a ɗauka iyakar abin da muka iya ke nan.

Na shiga Defot na Zariya a 1988 ina ɗan shekara 20, ban san komai ba sai tallan rake da ƙwallon layi. Wata shida muka yi muna kurtu. An aske mu ƙwal, an raba mu da barcin asuba, mun sha gwale-gwale har wasu suka tsallake waya suka gudu. Bayan na fito aka tura ni ɓangaren gyaran motoci, na je makarantar kanikanci ta soja a Auchi. Da wannan sana'a na je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, da ita na je Darfur ta ƙasar Sudan a 2008, da ita na yi ritaya a 2013 da igiya uku a hannu, wato muƙamin saje, bayan kwas na wata shida a cibiyar Oshodi da ke Legas, inda ake shirya soja ya koma farar hula.

To, da na dawo gida sai na ɗauki takarduna na je wani kamfanin sufuri mai tireloli sun fi talatin. Manajan, yaro ne sa'an ɗan farina, ya juya takardun sama da ƙasa ya ce, "Baba, wannan ai ta bariki ce. Amma muna neman wanda zai riƙe mana get da dare." Na dube shi kawai. Ni da na sauke giyar babbar mota a gefen hanya a Monrobiya, babban birnin Laberiya, ruwan sama na zuba, da tocila a baki, na mayar da ita kafin gari ya waye domin mutum ashirin na jiran a kwashe su! Na tattara takarduna na yi masa sallama. Da kuɗin giratuti na kama fili a bakin titi na buɗe gareji.

Bari in faɗi abin da bariki ya ba ni wanda ban ga ana sayar da shi a kasuwa ba. A garejina akwai allo da aka zana siffar kowace sifana a jikinsa. Ƙarfe shida na yamma sai kowace ta koma gurbinta, in lamba 13 ba ta nan babu mai tafiya gida, har ni. Wannan daga sito na koyo shi, inda ko noti ɗaya ka karɓa sai ka sa hannu a rajista. Duk motar da ta shigo ina rubuta abin da ke cikinta, da yawan man tanki, da kayan da na cire, kuma tsohon kayan ina mayar wa mai shi a leda. Mutane sun ɗauka iyayi ne da farko. Yanzu har daga Malumfashi da Bakori ake jawo min mota saboda wannan ledar. In kuma na ce wa mutum ya zo ƙarfe huɗu, zai tarar da motarsa a wanke tana jiransa. A soja in an ce fareti ƙarfe bakwai, shida da rabi kana tsaye, babu zancen "ina nan tafe" alhali mutum bai ma yi wanka ba.

Sai kuma zama da mutane. Wanda muka raba tanti da shi a Darfur Tibi ne daga Binuwai, Kirista. In ina salla shi ke riƙe min bindiga, ranar Lahadi ni nake karɓar masa aiki. Da azumi shi ke tashe ni sahur. Shi ya sa in na ji matasa a majalisa suna yanke wa ƙabila guda hukunci, su da ba su taɓa wuce Kaduna ba, sai in yi shiru in kurɓi shayina.

Amma zan yi ƙarya in na ce komai alheri muka fito da shi. Akwai abin da farar hula suka fi mu nesa ba kusa ba, kuma sai da na sha kunya na gane. A watan farko wani yaron gareji ya zuba min baƙin mai a lagireto. Ban yi wata-wata ba na sa shi tsallen kwaɗo daga bakin titi zuwa gindin darbejiya. Da la'asar sai ga mahaifiyarsa da mayafi a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Saje, sana'a na kawo shi ya koya, da yaƙi nake so da Zariya na kai shi." Masu shayi da masu faci duk suna ji. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara 25 na yi ana ba ni oda ina bayarwa, ban taɓa koyon yadda ake lallashin mutum ya yi abu da son ransa ba. Maƙwabcina mai walda, wanda ko firamare bai gama ba, shi ya koya min yadda ake yi wa yaro faɗa a keɓe, da yadda ake bin bashi ba tare da an ɓata zumunci ba, da yadda ake ciniki. Ni da nake faɗin kuɗi sau ɗaya in tsuke baki kamar ina karanta oda. Yaron nan yau shi ne babban yarona, shi nake bar wa makulli in zan yi tafiya.

Haka batun kuɗi. Soja ya saba ƙarshen wata albashi zai shigo, ɗaki na bariki, kaki na gwamnati, in ciwo ya zo ga asibiti. Ɗan kasuwar da ke tashi da safe bai san ko zai sayar ko ba zai sayar ba yana da wata jarumta da ba a koyar da ita a filin fareti. Na ga abokan aikina da suka karɓi giratuti, dillalai da 'yan uwa suka yi musu caa, shekara ba ta zagayo ba sai labari. Wasu kuma abin da suka gani a daji bai bar su ba, ƙarar fashewar taya kaɗai sai ta sa su kwanta a ƙasa, mutane na dariya.

Roƙona ga masu kamfanoni da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, in tsohon soja ya zo muku, ku tambaye shi wane ɓangare ya yi aiki. A cikinmu akwai direbobi, da ma'aikatan jinya, da masu haɗa gada, da masu gyaran rediyo, da akawu, da masu dafa wa mutum ɗari biyar abinci a lokaci guda. Hukumomin da ke ba da shaidar sana'a kuma su duba yadda takardar kwas ta bariki za ta zama abin da manajan farar hula zai karanta ya gane. Ni dai a garejina akwai gurbin mutum biyu, kuma na ajiye su ne domin waɗanda za su fito daga Oshodi bana.

Naka,
Wani tsohon saje,
Funtuwa, Jihar Katsina.