Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Malaman Jami'a a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu farfesoshi, yayye da ƙanne malamai maza da mata, ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a shekarar da muka kammala. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji, za a raba ta daban.

Saboda waɗanda suka shigo bana, ƙungiyar nan ba ta maganar albashi ba ce, wannan fagen ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, ASUU, ne, kuma galibinmu 'ya'yanta ne. Abin da ya tara mu shi ne aji da bincike. Membobinmu sun fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari, kowa a kan kansa ya shigo.

Aikin da ya fi ɗaukar ƙarfinmu bana shi ne zaman aji, wato malami ya zauna a ajin ɗan uwansa ya ga yadda yake koyarwa. Malamin firamare sai ya yi NCE, an tura shi koyon koyarwa, an bi shi har aji an duba shi, kafin a ba shi yara. Malamin jami'a kuwa da kyawun sakamakonsa ake ɗaukarsa, a miƙa masa kwas, shi ke nan. Mai hazaƙa ne, babu shakka, amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake riƙe ɗakin da ya cika maƙil har wasu na tsaye a taga. Sai ya ɗauko littafin da malaminsa ya yi masa shifta da shi, ya ci gaba da yi wa wasu. Don haka muka haɗa kowane sabon malami da wani babba, ba lallai daga sashensu ɗaya ba. Babban ya je ya zauna a bayan aji, ba ya cewa uffan har a tashi. Wani makon kuma ƙaramin ya je ajin babban. Sharaɗin da muka gindaya shi ne abin da aka gani ba ya zuwa ofishin shugaban sashe, ba ya shiga fayil ɗin kowa. Ba don wannan sharaɗi ba, da ba wanda zai buɗe ƙofarsa.

A irin wannan zama ne wani dattijo daga cikinmu ya shiga laccar ƙarfe biyu ta wani matashi a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ya haura digiri 40. Matashin ya kwashe kusan awa guda yana rubutu, fuskarsa na kallon allo, 'yan layin baya kuwa sun daɗe da sallamawa, wasu na fifita da littafi, wasu sun kifa kai. Da suka fito suka zauna gindin dogonyaro, dattijon bai yi masa dogon wa'azi ba. Ya ce masa ya riƙa tsayawa bayan kowane kwata na awa, ya jefa tambaya guda, ya ba su minti biyu kowa ya tattauna da na kusa da shi, sannan ya fara kira daga baya. Ba ya buƙatar majigi, ba ya buƙatar wuta. Matashin ya shaida mana a taron ƙarshen zango cewa yanzu ya san muryoyin da bai taɓa ji ba a ajinsa. A ganinmu, wannan zama ya fi duk bitar da muka shirya amfani, kuma shi ne mafi arha.

Na biyu shi ne gyaran jarrabawa. Mun ɗauki amsar ɗalibi guda, muka goge suna da lamba, muka yi hotonta muka raba, kowa ya ba da maki shi kaɗai. Da aka karanto makin, ɗakin ya yi tsit: takardar da wani ya kayar, wani ya ba ta sakamako mai kyau. Wannan hakkin 'ya'yan mutane ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Daga nan muka zauna rubuta ma'aunin ba da maki kafin a fara gyara, muka sake gwadawa, tazarar ta ragu ƙwarai. Muna roƙon kowane memba ya kai wannan gwaji sashensa.

Mun kuma yi zama a kan manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS, wadda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 ta bar wa jami'o'i kashi 30. An yi ta ƙorafi a kanta a faɗin ƙasa, wasu ƙorafe-ƙorafen kuma suna da hujja. Amma kason nan 30 namu ne. Garin da ke da rubuce-rubucen Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello a ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ga jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna a duniya, ga noman albasa da shinkafa a fadamar Rima, ga Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Ɗanfodiyo, bai kamata malaminsa ya rasa misalin da zai kawo wa ɗalibi daga gida ba. Membobi daga tarihi da aikin gona da kimiyya sun nuna mana yadda suka shigar da waɗannan cikin kwasa-kwasansu.

Sai maganar tallafi. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi na ETF, har zuwa ƙarshen 2025 yana samun kuɗinsa ne daga harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, wanda ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5, sannan zuwa 3 a 2023. A cikinsa akwai tallafin ƙaro karatu, da na halartar tarukan ilimi, da na bincike a matakin jami'a wato IBR, da babban asusun bincike na ƙasa wato NRF, da na buga littafi. Daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda suke tafiya ba su dawo ba. Wannan ya sa muka karkata ga neman guraben ƙaro karatu a cikin gida, tare da bayani a kan tallafin karatu na Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus da Fulbright na Amurka ga mai son fita. Mun lura da yawan takardun neman tallafi suna faɗuwa ne a wuri biyu: tambayar binciken ta yi faɗi, kasafin kuɗin kuma bai yi daidai da aikin ba. Shi ya sa muka daina karɓar mai zuwa neman shawara hannu rabbana. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: ka zo da daftarinka, ko shafi biyu ne, a zauna a kansa layi-layi.

A ɓangaren wallafa, mun yi gargaɗi a kan mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ta ba. Mun san matsin ƙarin girma ne ke kai mutum can, amma ranar tantancewa takardar ba ta da daraja, kuɗin kuma ya tafi. An nuna wa membobi yadda ake bincika mujalla a rumbunan mujallu na intanet AJOL da DOAJ, da buɗe ORCID wato lambar shaidar mai bincike, da tsara manazarta da manhajar Zotero, duk kyauta.

Batun amfani da ChatGPT, manhajar da ke yi wa mutum rubutu, a kundayen ɗalibai ya ja muhawara mai zafi, kuma ba a kai ga matsaya ɗaya ba. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne mai duba kundi ya riƙa zaunar da ɗalibinsa ya yi masa bayanin kowane babi da bakinsa. Za mu sake komawa kansa.

'Yan uwanmu mata sun nuna cewa zaman ƙungiya na bayan la'asar yana cin karo da hidimar gida, don haka muka mayar da shi safiyar Asabar, halartarsu kuma ta ƙaru a bayyane. Ƙaramar mujallar da muka yi niyyar fitarwa ba ta samu ba saboda kuɗin ɗab'i, za ta fito ta intanet in Allah ya yarda.

A shekara mai zuwa za mu faɗaɗa zaman aji, kuma ƙarancinmu yana wajen manya. Masu neman a zauna musu sun fi masu zama yawa, musamman a tsangayoyin kimiyya da likitanci. Iyayenmu farfesoshi, awa biyu a zango muke roƙo. Muna kuma neman malamai mata manya, domin wasu ƙannenmu sun fi sakewa da su.

Muna addu'a ga abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Allah ya jiƙan su da rahama, ya sa ilimin da suka bari ya zame musu sadaka mai gudana. Mai son shiga zaman aji, babba ko ƙarami, ya ba sakatare sunansa da kwas ɗinsa da lokacin laccarsa kafin a koma sabon zango, domin a haɗa mutane tun makon farko.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa
Sakkwato