Kada a sayar da tsofaffin jiragen feshi a kilo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarmu in yi magana kan ƙananan jiragen sama na da, musamman masu feshin gona. Matasanmu sun koma sha'awar jirgi marar matuƙi, kuma ina jin wasu na cewa tsofaffin jiragen nan ba su da sauran amfani sai a kai su wurin 'yan gwangwan. Ban yarda ba. Ni ɗan Mai Wurno ne a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, kuma na yi ƙuruciyata ina yaron makanike a filayen feshin auduga na Jazira, gandun da aka buɗe a 1925 bayan kammala madatsar Sinnar.

Wanda na fi sani shi ne Antonov An-2, mai fukafukai hawa biyu, wanda ya fara tashi a 1947. Na san sunan Antonov yana tayar wa mutanen Sudan hankali saboda manyan da aka yi ruwan bama-bamai da su, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan dai na noma ne. An ƙera sama da 18,000, akasarinsu a Folan, kuma matuƙa 'yan Folan sun daɗe suna feshi da shi a ƙasar nan.

Wanda ya zana shi ya san ƙauye za a kai shi. Injinsa mai silinda 9 ne a jere kamar da'ira, ƙarfin doki 1,000, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle ya yi yoyo. Yana da famfonsa na zuƙar mai kai tsaye daga duro. Birkinsa na iska ne, kuma da iskar nan ake cika tayarsa idan ta yi sanyi. Fukafukansa yadi ne aka ɗame a kan ƙarfe. Na ga ranar da tsuntsu ya huda ɗaya, maigidana ya yanko ƙyalle, ya ɗinke da allura, ya shafe da gam mai warin tina, kafin la'asar jirgi ya koma aiki. Da asuba kuwa sai mun juya farfela da hannu, don man da ya kwanta a silindojin ƙasa kada ya lalata inji. Duk wanda ya yi ƙyuyar wannan, ranar zai sha faɗa.

Filin saukarsa fegi ne kawai da aka share a gefen tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa. Yana iya rage gudu har mai babur ya wuce shi, bai faɗo ba, shi ya sa yake bin hawasha, wato gonar manomi a gandun, ƙasa-ƙasa yana juyawa a ƙarshen layi.

Haka tunanin yake a Amurka. Piper Cub mai ruwan ɗorawa, da aka fara a 1938, bututun ƙarfe ne da yadi, injinsa ƙarfin doki 65, ma'aunin mansa kuwa toton kwalba ne da waya a tsaye gaban gilashi, har yau kuma ana tashi da shi. Cessna 172 ta shiga kasuwa a 1956, an ƙera fiye da 44,000, ana ci gaba da ƙera ta, kuma da ita ɗimbin matuƙan duniya suka koyi tuƙi.

Ba zan ɓoye ɓarnar feshi ba. Masu riƙe tuta a bakin gona don nuna wa matuƙi layi suna komawa gida riga jiƙe da magani, kuma yawan feshin ya sa farin ƙuda ya daina jin magani har audugarmu ta riƙa danƙo. Wannan laifin masu zaɓen magani ne da masu ƙin raba kayan kariya, kuma dole a gyara.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ragargaza Jazira, kuma kuɗin sayen sabon kaya ba kusa yake ba. Fara da jan-baki kuwa ba za su jira mu ba, ko a Gadarif ko a Yobe da Jigawa. Jirgi marar matuƙi yana ɗaukar 'yan litoci, An-2 yana ɗaukar sama da 1,000.

Roƙona ga hukumomin noma shi ne a ƙirga jiragen da suka tsira, a rufe su daga rana domin ita ke cinye yadin, sannan a nemo tsofaffin makanikai tun suna da ƙarfi a haɗa kowanne da matasa biyu ko uku daga makarantun sana'a na Wad Madani da Sinnar.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Mai Wurno, Jihar Sinnar, Sudan.