Zuwa ga Abba, kan fayil ɗin nan na kotun yara

Samaru, Zariya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau, sai sanyin hunturu.

Mahaifiyarka ta gaya mini ka fasa neman aikin asibitin nan don sun ce za su binciki tarihinka. A daren ban runtsa ba. Na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na zaro ambulan ɗin da na dawo da shi daga jihar Kalifoniya ta Amurka. Takardun sun yi ja, amma sunanka na nan raɗau, da shekarunka 15, da maganar takalman da kuka ɗauka a kanti kai da abokanka.

Abba, a nan ni na yi kuskure. Ranar da muka fito daga kotu na ce kada wanda ya sake tayar da zancen a gidana, don kunya ta hana ni ko kallonka a mota. Na zaci in ka cika 18 abin zai shafe da kansa. Ashe ba haka ba ne. Sai a 2015 jihar ta fara rufe irin wannan fayil ba tare da an nema ba, shari'arka kuwa ta 2012 ce. Dole kai ne za ka nema.

Sashe na 781 na dokar walwala ta Kalifoniya ya ba wanda ya kai 18 damar roƙon kotun yara ta rufe masa fayil. Alƙali zai duba ko an sake kama ka da babban laifi, da ko ka shiryu. Alhamdu lillahi, ka yi karatu, ka riƙe sallarka, ko ofishin 'yan sanda ba ka sake takawa ba. In ya amince, doka za ta ɗauka tamkar ba a taɓa yin shari'ar ba, mai ɗaukar aiki ya tambaye ka ka ce babu, kuma ba ƙarya ka yi ba. Ka fara da ofishin masu sa ido kan yaran da kotu ta saka, na gundumar da aka yi shari'ar.

Amma kafin a rufe, ka karɓi kwafin komai mai hatimin kotu ka adana, don daga baya samunsa wuya ne. Za ka iya buƙatarsa wurin hukumar shige da fice ta Amurka, don ita ta tarayya ce ba ta jiha ba, tana tambayar ko an taɓa kama mutum, ko da an rufe fayil. Wurinsu kada ka ɓoye komai, kuma ka ga lauya kafin ka sa hannu a takardarsu.

Na sa ƙanwarka ta ɗauki hoton takardun, lambar shari'ar na saman shafin farko. Za ta turo maka ta WhatsApp yau. Ka kira ni ranar Juma'a in ji inda ka kwana, ko da tsakar dare ne a nan zan ɗauka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka