Wasiƙa Zuwa Ga Edita: A Daina Yi Wa Fina-Finan Tsoro Kuɗin Goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka in yi magana a kan fina-finan tsoro masu yawan jini, musamman sababbin nan da ke waiwaye suna girmama na dauri. Duk inda zancensu ya taso, kafin ka rufe baki an yanke hukunci: wai ba mai zama ya kalli irin wannan sai wanda zuciyarsa ta ƙeƙashe. Ni ina cikin masu kallon, na kuma daɗe ina yi, amma har gobe in na ga an ji wa mutum ciwo na gaske jikina rawa yake yi. Don haka nake roƙon a saurari namu ɓangaren.

Abin da wanda ba ya kallo bai sani ba shi ne, mu aikin hannu muke bi da ido. Mun san babu wanda aka yanka. Tambayar da ke ranmu ita ce, yaya aka yi wannan? A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1960, jinin da ke gangarawa cikin bahon wanka ruwan cakulan ne, domin fim ɗin baƙi da fari ne, kuma cakulan ya fi jan launi fitowa da kauri a kyamara. Da aka koma fim mai launi, sai masu kwalliya irin su Dick Smith suka riƙa haɗa jini da zaƙin masara mai yauƙi da launin abinci. Tom Savini, wanda ya yi kwalliyar Dawn of the Dead a 1978 da Friday the 13th a 1980, mai ɗaukar hoto ne na soja a yaƙin Biyetnam kafin ya shahara a wannan sana'a. Ya ga gawa ta gaske, ya dawo yana ƙera ta ƙarya da roba da fenti da ƙananan bututu da ake ɓoyewa a ƙarƙashin fatar bogi, wani yana gefe yana matsa famfo jinin na fita. Wannan sana'a ce da ake koya a hannun wani, kuma masu yin ta sun san iyayen gidansu.

A nan ne daɗin ya fi yawa, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Lokacin da John Carpenter ya shirya Halloween a 1978, ya ba Jamie Lee Curtis babban matsayi, ita kuwa ’yar Janet Leigh ce, wadda ta fito a matsayin matar da aka kashe a banɗakin Psycho. Bai tsaya nan ba, likitan da ke farautar makashin ya sa masa suna Sam Loomis, sunan saurayin waccan matar a fim ɗin Hitchcock. Shekaru 18 bayan haka, a 1996, Wes Craven ya fito da Scream, ga wani saurayi a ciki mai suna Billy Loomis, ga kuma matasan fim ɗin sun taru a falo suna kallon Halloween a talabijin alhali nasu makashin yana cikin gidan. Suna ɗaya ya ratsa fina-finai uku cikin shekaru 36, kamar yadda ɗalibin kirki ba ya buɗe baki sai ya ambaci malaminsa. Wanda bai san tarihin ba zai ji tsoronsa ya tashi, ba a rage masa komai ba. Wanda ya sani kuwa riba biyu ya ci: ga faɗuwar gaba, ga murmushin gane tsohon sani. Wallahi ranar da na fara lura da wannan suna sai da na mayar da fim ɗin baya don in tabbatar kunnena bai yaudare ni ba.

Shi ya sa da kwamfuta ta mamaye harkar, jini ya koma zane mai sheƙi wanda ba ya jiƙa riga, masu kallo da yawa suka yi sanyi. Terrifier 2 na Damien Leone, da ya fito a 2022, an yi shi da kusan dala 250,000, kuma daraktan da hannunsa ya yi yawancin kwalliyar irin yadda ake yi a shekarun 1980. Ya tara sama da dala miliyan 10 a gidajen sinima. Mutane sun yi kewar abin da hannu ya taɓa, kuɗinsu ya nuna haka.

Sai dai ina da ƙorafi a kan namu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da yawa daga cikin masu cewa suna girmama magabata jinin kawai suka kwaso, suka bar haƙurin. Duk wanda ya koma ya kalli The Texas Chain Saw Massacre na Tobe Hooper, na 1974, zai yi mamakin ƙarancin jinin da ke ciki. Ƙarar inji ce, da zafin rana, da wata ƙofar ƙarfe da aka ja aka rufe da ƙarfi, sauran kuma zuciyarka ce ta ƙarasa zanawa. Halloween ma haka. Carpenter zai bar ka kana kallon titi shiru, can sai ka hango mutum tsaye a bayan shinge, ka sake dubawa babu shi. Darakta ya zubar da ganga guda ta jini ba tare da ya sa na damu da wanda ake kashewa ba, wannan bai girmama kowa ba, kuma ni kaina nakan kashe irin wannan tun bai kai rabi ba. Ina jin haushi ƙwarai idan aka tsawaita azabtar da mace kawai don a nuna gwaninta, sannan a fake da sunan tsofaffi.

Batun yara kuma babu jayayya a tsakaninmu da masu suka. Ba nasu ba ne, ko kaɗan. Birtaniya ta kafa dokar tace kaset ɗin bidiyo a 1984 saboda irin wannan fargaba, lokacin kaset ne ma da sai an je an ɗauko. Yau abin yana cikin wayar da ke hannun yaro, don haka nauyin ya dawo kan iyaye da yayye, har da mu masu kallon, mu ne ma ya fi kamata mu fi kowa tsanani tunda mun san abin da ke ciki.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan za a sake yin sharhi a kan irin waɗannan fina-finai a shafinku na nishaɗi, a ba wanda ya kalli na da da na yanzu ya rubuta. Ya faɗa mana wane ne ya yi kwalliyar, da hannu aka yi ko da kwamfuta, wane tsohon fim ake nuni da shi, kuma daga shekara nawa ya dace a kalla.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatunku na kullum